Yadda Tsoro da Wahala Suke Shafar Girman Ƙwaƙwalwar Yaro

Gabatarwa

Idan masifa ta faɗa wa gida, ko rasuwa ce, ko gudun hijira, ko rabuwar aure, mukan taru wurin manya mu yi masu ta'aziyya, mu bar yara a tsakar gida. Sai ka ji ana cewa, "Ai yaro ne, bai san abin da ake ciki ba, gobe zai manta." Binciken likitoci da masana na shekaru da dama ya nuna cewa wannan magana ba daidai ba ce. Yaro yana iya manta labarin abin da ya faru, amma jikinsa da ƙwaƙwalwarsa sukan riƙe sawun abin har ya girma.

A wannan koyarwa za mu duba yadda ƙwaƙwalwar yaro take ginuwa, da abin da tsoro mai daɗewa yake yi mata, da alamomin da za mu lura da su, da kuma abin da ke kare yaro. Babban abin da muke so mu riƙe shi ne: ba kowace wahala ce take lalata yaro ba. Abin da ke yin ɓarna shi ne tsoro mai tsanani wanda ya daɗe, alhali babu wani babba tsayayye da yaron zai jingina a kansa.

Yadda ƙwaƙwalwa take ginuwa

Ƙwaƙwalwar jariri sabuwar haihuwa tana da nauyin gram 350 zuwa 400, wato kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ta babban mutum. Kafin yaro ya cika shekara 3 ta kai kusan kashi 80 cikin 100 na girmanta, a shekara 5 kuma kusan kashi 90. Ana haihuwar yaro da yawancin ƙwayoyin ƙwaƙwalwar da zai yi amfani da su a rayuwa. Abin da ya rage shi ne haɗa ƙwayoyin da juna. Cibiyar nazarin girman yara ta Jami'ar Harvard a Amurka ta ƙiyasta cewa a shekarun farko ana ƙulla sababbin mahaɗai fiye da miliyan 1 a kowace daƙiƙa.

Waɗannan mahaɗai suna kama da hanyar ƙafa zuwa gona. Wadda ake bi kullum takan fito fili ta yi faɗi. Wadda aka daina bi kuwa ciyawa takan rufe ta. Haka ƙwaƙwalwa take ƙarfafa abin da yaro yake maimaitawa, ta share abin da ba ya amfani da shi. Yaron da yake jin hira da waƙa kullum, hanyoyin magana ne suke ƙarfi a kansa. Yaron da yake jin ihu da barazana kullum, hanyoyin fargaba ne suke ƙarfi.

Ginin kuma yana tafiya daki-daki, kamar ginin ɗaki daga harsashi. Gani da ji ne suke fara kafuwa, sai harshe, sa'an nan tunani da kamun kai. Sashen da ke bayan goshi, wanda ke kula da shiri da auna sakamako da danne fushi, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25. Idan harsashi ya yi rauni, abin da aka ɗora a kai ma yakan yi rauni.

Babban abincin wannan gini shi ne kira da amsa tsakanin yaro da mai renonsa. Jariri ya yi gwaranci, uwa ta amsa masa. Ya nuna akuya da yatsa, uba ya ce, "I, akuya ce." Ya yi kuka, aka ɗauke shi. A shekarun 1970 wani masani mai suna Edward Tronick ya gwada wannan: ya sa iyaye mata su yi wasa da jariransu, sa'an nan su daskare fuska na ɗan lokaci kaɗan, ba murmushi ba magana. Jariran sukan yi ta ƙoƙarin jawo hankalin uwar da murmushi da miƙa hannu, in abin ya gagara sai su rikice, su kau da kai, su fashe da kuka. Da uwar ta dawo da fara'arta sai hankalinsu ya soma kwanciya. Wannan ya nuna cewa jaririn 'yan watanni ma yana karanta fuskar wanda ke tare da shi.

Abin da ke faruwa a jiki lokacin tsoro

A can cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe da ake kira amigdala. Aikinsa kamar na mai gadi ne. Da zarar ya hangi haɗari sai ya buga ƙararrawa, saƙo ya gangara zuwa wasu 'yan halittu biyu da ke zaune a kan ƙoda, su saki sinadarai biyu cikin jini: adirenalin da kotisol. Nan take zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya yi sauri, sukari ya ƙaru a jini, narkar da abinci ta dakata. Jiki ya shirya ko ya yi faɗa, ko ya gudu, ko ya ƙame wuri ɗaya.

Wannan tsari alheri ne. Shi ne yake sa mutum ya yi tsalle baya in ya ga maciji kafin ma ya yi tunani. Amma an tsara shi ya tashi ne na ɗan lokaci, ya kwanta idan haɗari ya wuce. Babba yana iya lallashin kansa. Ƙaramin yaro ba ya iyawa. Sai ya ari natsuwar wani. Ƙirjin uwa, goyo, murya mai taushi, su ne suke kashe ƙararrawar. Megan Gunnar ta Jami'ar Minnesota ta auna kotisol a yawun ƙananan yara lokacin da suke cikin abin tsoro, kamar allurar rigakafi, ta ga cewa yaran da suka amince da mai renonsu, ko da sun yi kuka, sinadarin ba ya hauhawa kamar na waɗanda ba su da wannan amincewa.

Damuwa iri uku

Masana a ƙarƙashin jagorancin Dokta Jack Shonkoff sun kasa damuwar yara gida uku.

Ta farko ita ce damuwa mai amfani. Gajeriya ce, mara tsanani: ranar farko a makaranta, allura a asibiti, tsayawa gaban jama'a don yin haddar makarantar Lahadi. Irin wannan tana koya wa yaro jimiri. Bai kamata mu hana yara ita ba.

Ta biyu ita ce damuwa mai nauyi amma wadda ake iya jurewa: rasuwar mahaifi, gobara, ambaliya, ciwo mai tsanani, gudu daga gari. Tana girgiza yaro ƙwarai, amma idan akwai manya da suka rungume shi, jikinsa yakan samu damar komawa daidai.

Ta uku ita ce damuwa mai guba. Ita ce wadda take da tsanani, take maimaituwa ko ta daɗe, kuma babu mai kwantar wa yaro da hankali: duka da zagi na kullum, cin zarafi ta hanyar lalata, yin watsi da yaro, faɗan iyaye da ba ya ƙarewa, shaye-shaye a gida, yunwa mai tsawo. A nan ƙararrawar ba ta mutuwa dare da rana.

Mu lura cewa bambancin ta biyu da ta uku sau da yawa ba girman masifar ba ne. Yara biyu na iya gudu daga ƙauye ɗaya a dare ɗaya; ɗaya ya sami kakar da take kwana da shi tana amsa tambayoyinsa, ɗayan ya faɗa hannun da ba a kula shi. Masifarsu ɗaya, amma abin da za ta bari a jikinsu ba ɗaya ba ne.

Ɓarnar damuwa mai guba

Idan kotisol ya daɗe yana hawa da sauka ba bisa ƙa'ida ba, sassa uku na ƙwaƙwalwa ne suka fi taɓuwa. Mai gadin nan, amigdala, yakan zama mai saurin firgita, har ya riƙa ganin haɗari inda babu: an rufe ƙofa da ƙarfi, ko malami ya ɗaga murya, sai yaro ya zabura ko ya kai duka. Sashen da ake kira hifokamfus, wanda yake kamar rumbun ajiyar abin da aka koya, yakan yi rauni, sai karatu ya ƙi zama. Sashen goshi kuma, mai kamun kai, yakan yi jinkirin nuna, sai yaro ya kasa zama wuri ɗaya, ya kasa jira, ya kasa danne fushi.

Ɓarnar ba ta tsaya a kai kaɗai ba. Garkuwar jiki takan rikice, barci ya lalace, girma ya ja baya. Akwai ma shaidar cewa reno yana taɓa yadda ƙwayoyin gado suke aiki. Michael Meaney da abokan aikinsa a Jami'ar McGill ta Kanada sun nuna a 2004 cewa 'ya'yan ɓerayen da uwarsu take yawan lasarsu da gyara su sukan tashi da natsuwa, domin renon yana buɗe wata ƙwayar gado da ke taimaka wa jiki ya kashe ƙararrawar tsoro. Da aka musanya 'ya'yan tsakanin iyaye, sai suka ɗauki halin wadda ta rene su, ba wadda ta haife su ba. Daga baya an ga makamanciyar wannan alama a ƙwaƙwalwar mutanen da aka ci zarafinsu suna yara.

Manyan bincike guda biyu

Tsakanin 1995 da 1997 likitoci biyu a Amurka, Vincent Felitti da Robert Anda, sun tambayi manya fiye da 17,000 a birnin San Diego game da ƙuruciyarsu, suka kwatanta amsoshin da lafiyarsu. Sun ƙidaya abubuwa kamar duka, zagi, lalata da yaro, watsi, dukan uwa a gaban yara, shaye-shaye ko taɓin hankali a gida, rabuwar iyaye, da ɗaurin wani ɗan gida a kurkuku. Kusan kashi biyu cikin uku sun ce sun fuskanci aƙalla ɗaya. Rahotonsu na 1998 ya nuna cewa waɗanda suka fuskanci huɗu ko fiye, haɗarin faɗawarsu cikin shan giya, shan ƙwaya, ciwon damuwa da yunƙurin kashe kai ya ninka sau 4 zuwa 12 a kan waɗanda ba su fuskanci ko ɗaya ba. Ciwon zuciya da na huhu da na hanta ma sun fi yawa a cikinsu. Yawancin mutanen nan masu ilimi ne da abin hannu, wato ba matsalar matalauta kaɗai ba ce.

Bincike na biyu daga ƙasar Romaniya ya fito. Gwamnatin Nicolae Ceausescu ta matsa wa iyalai su haifi 'ya'ya da yawa alhali talauci ya yi katutu, sai iyaye da dama suka miƙa 'ya'yansu ga gidajen marayu na gwamnati. Da gwamnatin ta faɗi a Disamba 1989, aka tarar da yara fiye da 100,000 a irin waɗannan gidaje, da yawa suna kwance a gado yini guda, ma'aikaciya ɗaya tana kula da jarirai barkatai, ba mai ɗauka, ba mai yi masu magana. Daga shekarar 2000 masana uku, Charles Nelson da Nathan Fox da Charles Zeanah, suka bi yara 136 a birnin Bukares. An mai da rabinsu hannun iyalai masu riƙo, rabin suka ci gaba da zama a gidan marayu. Waɗanda suka koma cikin iyali sun fi sauran basira da magana da iya shaƙuwa da mutane, kuma waɗanda aka mayar kafin su cika shekara 2 su ne suka fi farfaɗowa. Darasin a fili yake: rashin kulawa, ko da ba a taɓa dukan yaro ba, yana cutar da ƙwaƙwalwa, kuma gara a kai ɗauki da wuri.

Yadda abin ya shafe mu

Wannan magana ba ta nesa ba ce. Tun daga 2009 rikicin arewa maso gabas ya raba mutane fiye da miliyan 2 da gidajensu, kuma yara ne suka fi yawa a cikinsu. Hare-haren 'yan bindiga, satar mutane, da rikicin manoma da makiyaya sun bar yara da yawa, na kowane addini da kowace ƙabila, suna kwana da kunne ɗaya a buɗe.

Akwai kuma abin da ke faruwa a cikin gidajenmu. Binciken ƙasa da Hukumar Ƙidayar Jama'a ta gudanar tare da UNICEF a 2014 ya gano cewa kusan yara 6 cikin 10 a Nijeriya suna fuskantar wani nau'in cin zarafi kafin su kai shekara 18, kuma mafi yawa daga hannun wanda suka sani ne. Ga kuma yunwa: binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, a arewa maso yamma kuwa kashi 57. Ƙwaƙwalwa tana bukatar abinci mai gina jiki, musamman a kwanaki 1,000 na farko, daga ɗaukar ciki zuwa cikar shekara 2.

Kada mu manta da uwa. Macen da take fama da ciwon damuwa bayan haihuwa, ko wadda ake duka, ko gwauruwar da nauyi ya yi wa yawa, takan kasa amsa wa jaririnta ba don ba ta ƙaunarsa ba. Taimakon uwa taimakon ƙwaƙwalwar ɗanta ne. Haka kuma mu tuna da marayu da 'ya'yan riƙo da 'yan aikin gida, waɗanda suke cikin jama'a amma ba su da wanda za su kira nasu.

Alamomin da za mu lura da su

A jarirai da 'yan ƙasa da shekara 3: kuka mara yankewa ko kuma shiru fiye da kima, ƙin abinci, rashin kallon ido, jinkirin magana.

A 'yan shekara 3 zuwa 6: komawa fitsarin kwance bayan an daina, liƙe wa uwa, mugun mafarki, maimaita abin da ya faru cikin wasa, kamar wasan bindiga ko na jana'iza.

A 'yan makaranta: ciwon ciki ko ciwon kai da ba a gano dalilinsa ba, faɗuwar karatu, faɗa da tsara, firgita da ƙaramin sauti.

A matasa: janye jiki daga mutane, fushi, shaye-shaye, guduwa daga gida, maganar gajiya da rayuwa.

Irin waɗannan yara ne ake yawan yi wa laƙabi da daƙiƙi, ko mai taurin kai, wani lokaci ma har a ce maye ne ko yana da aljanu. Wannan laƙabi yana ƙara wa yaro ciwo a kan ciwo. Kafin mu tambaya, "Me ke damun yaron nan?" mu fara da tambayar, "Me ya faru da yaron nan?"

Ƙwaƙwalwa tana iya farfaɗowa

Alƙaluman da muka kawo suna nuna haɗari ne, ba hukunci ba. Emmy Werner ta bi rayuwar yara 698 da aka haifa a 1955 a tsibirin Kauai na Hawayi har suka manyanta. Cikin waɗanda suka taso a talauci da rikicin gida, kusan kashi ɗaya cikin uku sun zama manya masu natsuwa da riƙon amana. Abin da aka yi ta gani a rayuwarsu shi ne wani babba guda da ya tsaya masu: kaka, inna, yaya, malami, maƙwabci, ko wani a majami'a.

A birnin Kingston na Jamaika kuma, a 1986 da 1987, Sally Grantham-McGregor ta fara aiki da yara 129 da suka tsumbure, 'yan wata 9 zuwa 24. Wasu daga cikinsu ma'aikatan lafiya suna ziyartar gidajensu sau ɗaya a mako har shekara 2, suna koya wa iyaye mata wasa da hira da yaran da kayan wasa na gida. Bayan shekara 20, waɗanda suka sami wannan ziyara suna samun kuɗin shiga da ya fi na takwarorinsu da kusan kashi 25 cikin 100. Ba magani mai tsada aka ba su ba. Wasa ne da magana.

Abin da za mu yi a gida

A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF da Bankin Duniya sun taƙaita bukatun ƙaramin yaro a abubuwa biyar: lafiya, isasshen abinci, kulawa mai amsa bukatarsa, tsaro, da damar koyo tun da wuri. Ga yadda za mu aikata su:

Mu shayar da nonon uwa zalla wata 6, mu kai yara rigakafi, mu haɗa masu abinci da wake, gyaɗa, ƙwai, zogale da abin da ya samu.

Mu yi wa jariri magana da waƙa tun bai iya amsawa ba. Goyo, tatsuniya da dare, da cin abinci tare duk gini ne. Wannan aikin uba ne kamar yadda yake na uwa.

Mu riƙe tsari. Lokacin barci, lokacin abinci da zuwa makaranta, ko a sansanin gudun hijira ne, suna gaya wa jikin yaro cewa duniya ba ta rushe ba.

Mu faɗa wa yaro gaskiya daidai da shekarunsa. Idan aka ce wa yaro mahaifinsa ya yi tafiya alhali ya rasu, zai yi ta jira a bakin ƙofa. Mu kuma tabbatar masa cewa ba laifinsa ba ne.

Mu raba horo da tsoratarwa. Yaro yana bukatar iyaka da gyara, amma ƙwaƙwalwar da ke cikin firgici ba ta ɗaukar darasi. Mu bari fushinmu ya sauka, mu bayyana laifin, mu ba da hukuncin da ya dace da shi. Sabaninmu na miji da mata kuma mu kawar da shi daga idon yara.

Abin da ikilisiya za ta yi

Hausawa sun ce ɗa na kowa ne. Malamin makarantar Lahadi da ya san sunan kowane yaro, yake kuma lura in wani bai zo ba, yana iya zama babban nan guda da yaro yake bukata. Zumuntar mata na iya ɗaukar nauyin ziyartar masu jego da gwauraye a kai a kai, ba ranar suna ko ranar jana'iza kaɗai ba. Inda zai yiwu, mu taimaki dangi su riƙe maraya a cikin iyali maimakon a tara marayu wuri ɗaya. Ya kamata kowace ikilisiya ta kasance da ƙa'idar kare yara: kada babba ya keɓe da yaro shi kaɗai, kuma idan yaro ya kawo ƙarar cin zarafi a saurare shi, a kare shi, a kai maganar ga hukuma. Rufe irin wannan magana don gudun abin kunya barin yaro ne a hannun mai cutar da shi.

Yaushe za a nemi likita

Idan alamomin sun wuce wata guda ba sauƙi, ko yaro ya daina magana ko cin abinci, ko yana cutar da kansa, ko ya ambaci kashe kansa, a kai shi asibiti ba tare da jinkiri ba. Ana iya farawa daga asibiti mafi kusa. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna, Maiduguri da Kware ta Jihar Sakkwato, asibitocin koyarwa kamar na Jos da Zariya ma suna da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa. Addu'a da zuwa asibiti ba sa karo da juna, kamar yadda ba sa karo idan yaro ya karye a ƙafa.

Kammalawa

Ba mu da ikon hana kowace masifa zuwa ƙofarmu, amma muna da ikon hana yaro fuskantarta shi kaɗai. Wanda kuma ya karanta wannan ya tuna da tasa ƙuruciyar, ya sani cewa ƙwaƙwalwa tana ci gaba da canzawa har tsufa, neman taimako kuma ba abin kunya ba ne. Kowannenmu ya duba gidansa da layinsa da majami'arsa a wannan mako, ya tambayi kansa wane yaro ne ba shi da mai tsaya masa, sa'an nan ya fara da sanin sunansa.